Gicciyen Kudu da Juyin Samaniya

Sau da yawa akan ɗauka cewa taurari suna nan inda kakanni suka gan su, ba sa motsi sai fitowa da faɗuwa. Tarihin taurarin nan huɗu da ake kira Gicciyen Kudu ya nuna ba haka abin yake ba.

Wajen shekara 1000 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Atina ta ƙasar Girka suna ganin waɗannan taurari daga garinsu. A wajen shekara ta 150 Miladiyya, Baɗalamusi ya rubuta su cikin littafinsa Almajisɗi a Iskandariyya, amma ya lasafta su cikin wani babban rukuni mai suna Kanɗaurus. Kafin shekara ta 400 sun riga sun nutse ƙarƙashin kudancin mafi yawan Turai, har aka manta da su.

Dalili kuwa shi ne, duniya tana juyawa ne kamar mazari, wanda kansa ke ɗan lilo yayin da yake juyi. Wannan lilo yakan cika zagaye ɗaya cikin shekara kusan 26,000, watau digiri ɗaya cikin shekara 72. Hiparkus ne ya fara lura da shi a ƙarni na 2 kafin Miladiyya. Baɗalamusi ya ƙiyasta digiri ɗaya a shekara 100, sa'an nan Albattani ya gyara lissafin zuwa shekara 66, ya matso kusa da gaskiya.

A 1455 wani matuƙin jirgin ruwa mutumin Banis, Kadamosto, ya hango taurarin daga bakin kogin Gambiya, ya zana su kamar sabon abu. Alhali kuwa mazauna gaɓar ba su taɓa rasa su ba. Abin da Turawa suka kira ganowa, a gaskiya sake saduwa ce da abin da ya ɓace musu.

Har yanzu mutumin Kano, in ya fuskanci kudu da dare a watan Afrilu ko Mayu, zai ga Gicciyen ƙasa-ƙasa. Amma juyin bai tsaya ba. Yau babu wani tauraro mai haske a kan ƙuryar kudu, sai dai nan da shekara kusan 12,000 Suhailu, wanda Larabawa suka daɗe da sani, zai kusance ta. Ashe samaniya ma tana da tarihi, sai dai ran ɗan Adam ya gajarta ga karanta shi.