Zangon Lome da Tarihin Wutarsa

A Hausa, zango shi ne wurin da ayari ke yada kaya, a hura wuta, a kwana, gari ya waye a ci gaba da tafiya. Na birnin Lome, wanda mutanen ƙasar ke kira Zongo, fatake ne suka kafa shi wajen ƙarshen ƙarni na 19, zamanin da Jamusawa ke mulkin Togo. Cinikin goro da na shanu ya zaunar da su, sunan kuwa ya ci gaba da nuna su a matsayin baƙi. Wutar da suke girki da ita ta itace da gawayi ce, hasken dare kuma na fitila.

Shekarun 1960 ne suka sauya fuskar wannan gaɓa. A 1965 Gana ta kammala madatsar Akosombo a kan Kogin Bolta. A 1968 aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa ta Lome, a shekarar kuma Togo da Dahomi suka kafa hukumar lantarki ta haɗin gwiwa, CEB, wadda ta fara jawo wutar Akosombo a farkon shekarun 1970. Wuta ce ta ruwa, ba hayaƙi ba toka, irin wadda a yau ake kira makamashi mai sabuntuwa. Amma ga inda gizo ke saƙar. Rairayin da Bolta ke kwasowa zuwa teku, igiyar ruwa kuma ta tura shi gabas ta shimfiɗa a gaɓar Togo, sai madatsar ta tare mafi yawansa. Ɗan abin da ya rage kuma katangar tashar jiragen ta riƙe shi daga yamma. Gabas da tashar, teku ya shiga cin ƙasa, ya cinye gidajen masunta da gonakin kwakwa, har da tsohuwar hanyar da ta tashi daga Lome zuwa Aneho. Wanda ya kunna fitila a birni bai ga wannan ba, domin a ƙofar wani aka kai ɓarnar.

Su ma mazauna Zango sun biya nasu kason, ta wata fuska. Kuɗin fosfat ya bunƙasa a tsakiyar shekarun 1970, filin tsakiyar birni ya yi daraja, sai a 1977 hukuma ta rushe unguwar, ta mayar da mutanenta wajen kilomita 15 arewa, yankin Agoe da Togblekope. Michel Agier, masanin da ya yi bincike a cikinsu, ya fitar da littafi a kan fataken unguwar a 1983. A tsohon filin, benayen bankuna suka tashi. Sabon mazaunin kuwa yana kusa da fadamar Kogin Ziyo, kuma ambaliyar 2008, wadda ta karya gadar Togblekope, ta nuna irin wurin da aka ba su. A ganina, duk tarihin muhallin Lome da ya tsallake wannan ƙaura bai cika ba.

Wutar ruwan ma ba ta tabbata ba. An ƙara madatsar Nangbeto a kan Kogin Mono a 1987, mai megawat 65, amma farin 1998 ya janye ruwan Akosombo, Lome ta shiga duhu, masu hali suka koma ga janareto. A 2010 aka buɗe tashar ContourGlobal mai megawat 100, wadda ke ƙona mai da gas: wato an koma ga hayaƙin da aka yi zaton an rabu da shi.

Yanzu ido ya koma ga rana. A 2017 gwamnati ta ƙaddamar da shirin CIZO na kai ƙananan na'urorin sola gidajen karkara, a Yunin 2021 kuma aka buɗe tashar Blitta mai megawat 50. Wannan ci gaba ne na gaske, ban raina shi ba. Sai dai lantarki fitila yake kunnawa, da fanka da firji; tukunyar yawancin gidajen Lome har yau a kan gawayi take. Babbar hanyar da ta ratsa Blitta ita ce manyan motoci ke bi da buhunan gawayin da aka ƙona daga dazuzzukan tsakiyar ƙasar, su wuce ta gefen sabon Zango kafin su shiga birni.