Tsaka da kulɓa: abin da ya kamata a sani

A ƙauyukan Ɗambatta, Bichi da Makoɗa, inda gona ke haɗe da gona, ba a rasa tsaka a bangon ɗaki, ba a rasa kulɓa a gindin rumbu. Dukkansu dangin ƙadangare ne, amma rayuwarsu ta sha bamban.

Tsaka da dare take farauta. Wadda aka fi gani a gidajen Afirka ta Yamma ita ce Hemidactylus angulatus. Ba ta da fatar ido, da harshe take goge idonta. Ƙarƙashin yatsunta akwai dubban ƙananan gasu da ke kama bango, shi ya sa take tafiya a rufin ɗaki ba ta faɗo ba. Takan saka ƙwai biyu masu tauri a tsagar bango, kuma abincinta sauro ne da kyankyaso da shinge. Kulɓa kuwa ta rana ce, mai santsin jiki da gajerun ƙafafu. Akwai Trachylepis quinquetaeniata, wadda 'ya'yanta ke da shuɗiyar jela, da Trachylepis perrotetii, mai jan gefe. In aka cafke su, su biyun sukan yar da jela su tsere, wata ta tsiro.

Bukhari da Muslim sun ruwaito umarnin kashe tsaka, kuma wannan fagen malamai ne. Batun dafi kuwa bincike ya yanke shi: tsaka da kulɓa ba su da dafi. Kuturta ma ba daga tsaka take ba, ƙwayar cuta ce da likita Hansen ya gano a Norway a 1873. Abin da ke gaskiya shi ne kashinsu na iya ɗauke da ƙwayar Salmonella mai kawo gudawa, don haka rufe abinci da randa wajibi ne.

Illar camfin ta fi nan. Idan iyali suka kwanta bayan cin abinci, aka ce tsaka ce ta faɗa tukunya, shi ke nan an rufe magana. Ba wanda zai tambayi rijiyar da aka ɗebo ruwa, ko maganin ƙwarin da aka zuba wa waken. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos a cikinsa, wanda shi ne ke cikin Sniper da ota-fiya-fiya. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni, amma har yau bai ɓace daga kasuwannin ƙauye ba.