Rumbun manhajoji na ma'aikata: yadda ake kula da wayoyin aiki daga nesa

Rumbun manhajoji na ma'aikata wuri ne a intanet inda hukuma, kamfani ko ƙungiya ke ajiye manhajojin da ta amince ma'aikatanta su yi aiki da su a waya ko tabilet. Ya yi kama da Play Store, amma ƙofarsa a rufe take ga jama'a: wayoyin da aka yi wa rajista kaɗai ke ganin abin da ke ciki. Mai kula da rumbun yana tafiyar da shi ta wani shafin sarrafawa da yake buɗewa a kwamfuta, ba sai an kawo masa wayoyin ba.

Dalilin da ya sa ake buƙatarsa

A ƙasar Nijar an saba tura manhaja daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth don a rage kashe kuɗin forfe. A wayar aiki wannan al'ada tana da haɗari, domin ba a san asalin fayil ɗin ba, ba a kuma san ko tsohuwar siga ba ce. A ɗauki misalin gidan likita a ƙaramar hukumar Atantane, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi. Idan aka canza tsarin cike bayanai lokacin rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da damina, amma ma'aikacin Atantane yana kan tsohuwar manhaja, na Tasawa yana kan sabuwa, alƙaluman da za su isa Maraɗi da Yamai na iya saɓa wa juna. Da irin waɗannan alƙaluma ake lissafa maganin da za a aiko.

Yadda ake tafiyar da shi

Aikin farko shi ne rajistar na'ura. A wayoyin Android, tun daga siga ta 7, ana iya taɓa allon maraba na sabuwar waya sau shida, a ɗauki hoton lambar QR da shafin sarrafawa ya fitar, wayar ta shiga ƙarƙashin kulawar ma'aikatar. Daga nan mai kula yana ɗora fayil ɗin manhajar, wanda ake kira APK, ko ya zaɓi wasu daga Play Store ya amince da su. Sai ya kasa wayoyin rukuni-rukuni, misali na ungozoma, na masu allurar rigakafi, na masu sa ido, ya ba kowane rukuni abin da ya dace da aikinsa. Yana iya tilasta saukar da manhaja, ya hana goge ta, ya tsayar da lokacin sabuntawa, ko ya kulle na'urar a kan manhaja ɗaya tak. Shafin yana nuna sigar da ke kan kowace waya da ranar da ta yi magana da uwar garke ta ƙarshe.

Kayan aikin da aka fi sani

Google yana da Android Enterprise tare da Managed Google Play, inda ma'aikata ke iya ɗora manhajarta ta sirri. Apple yana da Apple Business Manager, Microsoft kuma yana da Intune. A fannin kiwon lafiya akwai DHIS2, wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ginawa, wanda kuma ma'aikatar kiwon lafiya ta Nijar ke tattara alƙaluman gidajen likita da shi. DHIS2 yana da manhajar Android ta cike bayanai, da wani sashe mai suna APK Distribution da ke ba mai kula damar tsayar da sigar da ma'aikata za su sauke.

Inda matsala take

Umurnin da aka bayar a shafin ba ya aiki sai wayar ta samu rezo. A ƙauyukan da sai an nemi tudu kafin a kama Airtel, Moov ko Zamani, waya na iya yin kwanaki ba ta ji umurnin ba. Shi ya sa ake so mai kula ya riƙa duba ranar haɗuwa ta ƙarshe kafin ya ɗauka kowa ya samu sabuwar siga. Haka kuma, Android ba ya barin a koma tsohuwar siga cikin sauƙi: yawanci sai an goge manhajar, bayanan da ba a riga an tura ba kuma su tafi tare da ita. Don haka ake fara gwada sabuwar siga a wayoyi kaɗan, a kuma guji sabuntawa a tsakiyar kamfe. Makullin sa hannun manhajar ma abin adanawa ne, domin Android yana ƙin sabuntawar da sa hannunta bai dace da na farko ba.

Haƙƙin ma'aikaci da na marar lafiya

Idan na'urar ta ma'aikata ce, mai kula yana iya kulle ta ko ya share komai daga nesa idan ta ɓata ko an sace ta. Idan wayar ma'aikaci ce ta kansa, akwai tsarin da ke ware ɓangaren aiki daban: mai kula yana iko da wannan ɓangare kawai, ba ya ganin hotuna da saƙonnin mai wayar. Ya kamata ma'aikaci ya tambayi wane tsari aka sa masa kafin ya miƙa wayarsa.

Tun shekarar 2017 Nijar take da dokar kare bayanan sirri na mutane, hukumar HAPDP ce kuma ke sa ido a kanta. Sunayen marasa lafiya da ke cikin waɗannan wayoyi suna ƙarƙashin wannan kariya. Saboda haka kowane mai kula ya kamata ya riƙe kalmar sirri tasa shi kaɗai, a kuma rufe masa shiga shafin ranar da ya bar aikin.