Yadda Faifan Jabu Ya Raini Gidajen Gem na Gusau

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta maye gurbin ta 1988. Cikin abin da ta zo da shi akwai haramta karya makullin da mai fasaha ya sa wa kayansa don hana kwafa. In za a bi dokar sau da ƙafa, da wuya a sami gidan gem a Tudun Wadar Gusau, ko a Tsafe, ko Bungudu, da zai tsira, domin na'urar da aka buɗe da wasan da aka tura ta filas su ne jarin sana'ar. Masu ganin baiken abin kan ce halinmu ne, ba mu san darajar gumin wani ba. Wasu su ce talauci ne kawai. Ina ganin duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki. Satar fasahar gem ta kafu a nan ne saboda masu kayan ba su taɓa kafa mana rumfa ba, sai ɓarayin kayan suka kafa.

Farkon rigimar can nesa yake. A 1976 Bill Gates ya rubuta wa masu sha'awar kwamfuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan ana kwafar manhajarsa ba a biya. Daga nan kamfanoni suka shiga dabaru: wani ya ɓata wani sashe na faifai da gangan, wani ya sa wasan ya tsaya ya tambayi kalma kaza a shafi kaza na littafin da ake sayarwa tare da shi. Nintendo ta fitar da Famicom a Japan a 1983 ba makulli, da za ta kai ta Amurka a 1985 sai ta dasa mata ɗan cif mai tantance kaset. Wadda ba ta da makullin ita masana'antun Taiwan da China suka kwaikwaya suka watsa duniya, kuma jikokinta ne suka iso kasuwanninmu, da kaset mai alƙawarin wasanni dubbai alhali ƴan ƙalilan ne ake maimaitawa da sabon suna. Yaron da ya fara sanin Mario a Gusau, jabu ya sani, bai ma san akwai na gaske ba.

Inda labarin ya yi kauri shi ne zuwan PlayStation, wadda Sony ta fitar a Japan a Disamban 1994. Dabararta abin a yaba ce. A can cikin faifan, kusa da tsakiya, an murɗa layin rubutun ya ɗauki wasu haruffa huɗu da na'urar kwafar faifai ba ta iya maimaitawa. Idan na'urar gem ba ta karanta su ba, ba za ta tashi wasan ba. Haruffan kuma iri uku ne: SCEI na Japan, SCEA na Amurka, SCEE na Turai. A lura da wannan da kyau, don nan hujjata take. Makulli ɗaya ne yake aiki biyu, yana hana kwafi, yana kuma raba duniya gida uku, mu kuwa an raɓa mu ne a jikin Turai saboda irin talabijin ɗinmu. To amma na'urorin da ke zuwa Najeriya yawancinsu tokumbo ne, wannan daga Amurka, waccan daga Ingila ko Japan. Ko da mutum ya sayi faifai na gaske da kuɗinsa, yana iya ƙin tashi a na'urarsa. Maganin shi ne ɗan cif da mai gyara ke liƙawa da dalma, wanda aikinsa kawai ya riƙa yi wa na'urar ƙaryar ya ga haruffan. Da zarar an sa shi don magance bambancin yanki, ƙofar jabu ta buɗe a kyauta.

PlayStation 2 ta fito a 2000, shekarar da aka fara aiki da shari'a a Zamfara aka rufe gidajen sinima, ta kuma sayu fiye da miliyan 150 a duniya. Ita ce ta yi wa gidan gem siffar da muka sani: benci, talabijin, janareto yana kuka a waje, hannu biyu, a biya kuɗin wasa ɗaya, wanda aka ci ya tashi. Kayan na sauka Legas, kasuwar Alaba ta rarraba, Kano ta karɓa, motocin da ke bi ta Funtuwa da Tsafe su ƙarasa da su Gusau. A duk tsawon wannan hanya babu shagon gem na Sony ko na Konami. Wasan ƙwallon Konami, wato Winning Eleven da PES, shi ne sarki, kuma a nan masu jabu suka yi abin da kamfanin bai yi ba. Konami ta daɗe ba ta da lasisin sunayen yawancin kulob ɗin Ingila, sai masu gyaran wasa suka zuba sunayen gaskiya da riguna da sabbin ƴan wasa duk kaka. A Brazil irin wannan gyara, mai suna Bomba Patch, ya shahara tun wajen 2007. Ke nan na jabun ya fi na gaske daɗi, ga araha, ga shi a bakin ƙofa. Daga 2008 ma aka daina buƙatar dalma, manhajar Free McBoot a kan katin ajiya ta wadatar, daga baya faifan kansa ya ɓace, wasanni suka koma cikin filas, sana'ar ta faɗa hannun masu turi.

Mai cewa talauci ne yana da gaskiyarsa. Sabon wasan ƙwallo na kamfanin EA dala 70 ne, ya haura naira dubu 70 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Sai dai talauci bai hana mutanen nan biyan kuɗin kati da data da kuɗin gidan kallon ƙwallo ba, kuma ko faifan jabun ai saye ake yi. Kuɗi na fita, hannun da ke karɓa ne daban. Mai kuɗin ma fa? Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation da su, sai mutum ya ari adireshin Amurka ko Ingila. A 2024, da Sony ta ce sai da irin wannan asusu za a buga Helldivers 2 a kwamfuta, an janye wasan daga sayarwa a ƙasashe sama da 170. Wanda aka hana shiga ta ƙofa, ba a yi mamaki ba in an gan shi a katanga.

Ƙalubalen da ya fi nauyi ga hujjata shi ne na Kannywood. Ita tana gida, kayanta na kasuwa, farashinta daidai aljihu, amma masu kwafa da masu turi suka kashe mata kasuwar faifai. Wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya hana kowa wanke satar fasaha tas. Ko ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zartar a Kuwait a 1988 cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da ba ya halatta a taɓa. Amma a duba abin da ya farfaɗo da ƴan fim: ba kame ba ne, YouTube ne, inda shiri irin Izzar So ya riga mai turi isa wayar mai kallo. Haka Konami ta yi a 2021 da ta mai da PES ya zama eFootball, kyauta, daga baya har a waya, ta koma cin riba ta sayar da ƴan wasa a ciki. Yau matashin Bungudu yana buga na gaske, abin da shekaru ashirin na makulli ba su sa shi ya yi ba.

Sabon makullin kuwa intanet ne, wasa ba ya tashi sai ya gaisa da uwar garken kamfani. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a duk Zamfara saboda yaƙi da ƴan bindiga, birnin Gusau bai samu ba sai farkon Oktoba, sauran wurare suka ƙara makonni. A wannan tsakani duk wasan da ke neman izini daga waje ya zama gawa, tsohuwar PlayStation 2 mai filas kuwa fetur ɗin janareto kaɗai take nema. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana da doka a hannu yanzu, amma kafin ta aika jami'anta Tudun Wada, ta fara tambayar Sony ranar da za ta sa sunan Najeriya a jerinta.