Gwajin Trovan a Kano da Abin da Ya Biyo Baya

A bazarar 1996 annobar sanƙarau ta mamaye Arewacin Nijeriya, ta ci rayuka fiye da 10,000, akasari ƙananan yara. Asibitin Zana da ke Kano ya cika ya batse. Uwa za ta shigo da ɗanta a goye, jikinsa ya ɗau zafi rau, wuyansa ya sanƙare, ba abin da take nema sai wanda zai duba shi.

Cikin wannan hali tawagar kamfanin Pfizer ta iso daga Amurka da sabon magani, Trovan, wanda ba a riga an amince da shi ba. Aka ɗebi yara kusan 200, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin, ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarnar, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da dama suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, alhali likitocin ƙungiyar agaji ta MSF na ba da sanannen magani a asibitin. Nan gizo ke saƙa: wanda ɗansa ke hannun mutuwa ba ya cikin halin cewa a'a, shi ya sa wajibi ne a yi masa bayani filla-filla da harshensa.

Maganar ba ta fito sarari ba sai a Disambar 2000, da jaridar Washington Post ta bankaɗo ta. Daga baya aka gano takardar izinin gwajin an rubuta ta ne bayan an gama, aka sa mata tsohon kwanan wata. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya miƙa rahotonsa a 2001, aka binne shi har 2006.

Ana cikin haka, a 2003 jita-jita ta bazu cewa rigakafin shan inna na hana haihuwa. Ba gaskiya ba ne, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Magidanta suka riƙa kafa hujja da Trovan suna rufe wa masu ɗigon rigakafin ƙofa. Gwamnatin Jihar Kano ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin har Yulin 2004, sai da aka kawo na ƙasar Indonesiya. Kafin nan cutar shan inna ta tsallaka iyaka, ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

A 2007 Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, Jihar Kano kuma ta maka Pfizer a kotu. Aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Iyalai huɗu na farko sun karɓi diyya a 2011, bayan gwajin ƙwayoyin halitta, shekara 15 da rasuwar 'ya'yansu.