Matan Da Suka Taru A Ɗakin Girki

Maganarmu ta yau tana da nauyi, galibi ma sai da raɗa ake yin ta: halin macen da mijinta, ko ɗanta, ko ƙanenta ya faɗa shaye-shaye. Shi mashayi kowa ya san yadda ake masa nasiha. To wadda ke zaune gida ɗaya da shi fa, wa ke tambayar ta yaya ta kwana? Tarihin wasu mata zan ba ki, waɗanda suka gaji da haɗiye abin su kaɗai.

Labarin a Amurka ya faro. Wata mata mai suna Lois ta auri Bill Wilson a 1918. Mutum ne mai kaifin kai, yana harkar hannun jari a Niyok, amma giya ta ci ƙarfinsa. Aiki ya tafi, mutunci ya bi baya, har ta kai ita Lois ce ke aiki a wani babban kanti tana ci da gida. Ta yi kuka, ta yi lallashi, ta yi jinya, shi kuma ya yi alkawari ya karya ba adadi. A ƙarshen 1934 ya daina sha. A 1935 ya haɗu da wani likita, Bob Smith, a garin Akron na jihar Ohayo, shi ma mashayi ne, suka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato mashaya masu taimakon juna ba tare da bayyana sunansu ba.

Za ki ce ai shi ke nan, Lois ta huta. Ina! Mijin ya warke, amma kullum yana wurin taron 'yan uwansa. Ita da kanta ta ba da labarin ranar da ya ce ta shirya su tafi taro, ta cire takalmi ta jefe shi. Abin ya ba ta tsoro. Nan ta gane cewa shekarun da ta yi tana gadi, tana rufa asiri, tana jiran ƙarar takunsa da dare, sun bar mata nata ciwon: fushi, zargi, da jin haushin cewa wasu ne suka yi nasarar da ita ta kasa. Ni a ganina wannan takalmi shi ne mafarin komai.

A lokacin, matan mashayan kan rako mazajensu taro, su zauna jira a ɗakin girki suna shan gahawa. Hira ta kai hira, sai wannan ta faɗi abin da ta ɗauka ita kaɗai ke fama da shi, ta ga sauran suna gyaɗa kai. Anne Smith, matar likitan, ta yi fice wajen karɓar irin waɗannan mata a gidanta kafin rasuwarta a 1949. A 1951 Lois da wata ƙawarta da ake kira Anne B. suka zauna a gidan Lois suka aika wasiƙu ga mutane da ƙananan taruka 87 da suka nemi bayani. Daga nan aka sami ƙungiyar Al-Anon ta iyalai da abokan mashaya. Kada sunan ya ruɗe ki, ba Larabci ba ne, farkon kalmomin sunan ƙungiyar mazan aka yanko. A 1957 aka buɗe Alateen domin 'ya'yan mashaya, daga baya Nar-Anon ta zo domin iyalan masu shan ƙwaya. Lois ta rasu a 1988 tana da shekara 97.

Me suke yi a taron? Ba likita, ba mai wa'azi, ba kuɗin shiga sai abin da mutum ya ga damar jefawa. Sunan farko kawai ake faɗa. Mai magana ba a katse ta, ba a ce mata ki zauna ko ki fita, kuma abin da aka ji a ɗakin a nan yake mutuwa. Akwai abu uku da suke yawan tuna wa juna: ba ke kika jawo shan ba, ba ki da ikon sarrafa shi, ba kuma ke za ki warkar da shi ba. Ki tsaya a kan na farkon, uwargida. Sau nawa dangin miji ke cewa da matar ta iya riƙe shi da bai lalace ba? Sau nawa ake ce wa uwa ita ta sangarta ɗan? Alhali malamanmu sun karantar da mu cewa kowa nauyin zunubinsa shi zai ɗauka.

Suna kuma koya wa juna daina tare wa mashayi sakamakon aikinsa. Ki sayar da akuyarki ki biya masa bashi, ki aika yaro ya ce Baba ba shi da lafiya alhali maye ne, duk da kyakkyawar niyya, amma shimfiɗa kike ƙara masa. Wannan darasi yana da ɗaci, kuma ba ya nufin ki daina tausayinsa ko yi masa addu'a.

Na san wata za ta ce wannan ai matsalar Turawa ce. Gaskiya ne jihar Kabi tana cikin jihohin da suka kafa shari'ar Musulunci a 2000, giya ta koma ɓoye. Amma kwalbar maganin tari da ƙwayar tiramol sun shigo ta bayan gida, har cikin ɗakunan mata. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC. Binciken ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na wannan shekarar ya ƙiyasta masu shan ƙwaya a Nijeriya sun kai miliyan 14.3, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Kowanensu yana da uwa. Wani lokaci haramcin ma shi ke ƙara wa iyali kunya, su kulle baki gam.

Taruwar mata kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu kuma 'yar ɗan'uwan Malam Abdullahi na Gwandu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru tun kafin a haifi Lois. Takan naɗa jaji, dattijuwa amintacciya, ta ba ta malfa, ita ke kai ilimi ga matan ƙauye da ba su iya fitowa. Kin ga an daɗe da sanin yadda za a isa ga matar kulle ba tare da keta mutuncin gidanta ba. Yau muna da Islamiyya, muna da adashe, muna da zumuntar suna da biki. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne riƙon sirri. Mata uku masu matsala iri ɗaya, a ɗakin wata dattijuwa bayan tashi daga Islamiyya, da sanin maigida ko waliyyi, sun isa taro. Amma ranar da maganar ta fita tsakar gida ta zama gulma, ranar taron ya watse, kuma mai maganar ta fi da rauni.

Abu biyu taron ba ya maye gurbinsu. Idan akwai duka ko barazana ga yara, wannan ba zancen haƙuri ba ne, a sanar da iyaye da magabata nan take. Sannan wanda ya daɗe yana sha sosai, dainawa farat ɗaya kan jawo karkarwa, gane-gane, har da farfaɗiya, kuma tana iya kisa. Kada a ɗaure shi a ɗaki, a kai shi asibiti. Daga nan yankinmu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kware, kusa da Sakkwato, kuma likitan babban asibiti mafi kusa da ku zai iya rubuta takardar turawa can.