Darasin Zane da Ƙirƙira a Makarantun Ƙasar Hausa: Nazari a kan Giɓin da ke Tsakanin Aji da Zauren Sana'a

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsayin darasin zane da ƙirƙira a makarantun boko na ƙasar Hausa, ta kuma kwatanta shi da irin horon da ake samu a wajen magina, marina, masu ɗinki da alarammomi. An bi tarihin darasin daga makarantar Nassarawa ta 1909 zuwa manhajar ilimin bai-ɗaya, tare da nazarin abin da ya faru a Zariya da Abuja a shekarun 1950. Maƙalar ta nuna cewa raunin darasin ya samo asali ne daga raba shi da fasahar da yaro ya tashi yana gani a gida, kuma amfaninsa ga ɗalibi da al'umma ya dogara ne a kan gyara wannan rabuwa.

Gabatarwa

A yawancin makarantun firamare na gwamnati, lokacin zane shi ne lokacin da malami yake hutawa. Ya zana kofi ko mangwaro a allo, ya ce yara su kwafa, wanda nasa ya fi kama da na malam shi ya ci. Yaron da ake ba wannan aiki kuwa, wataƙila mahaifiyarsa ɗinkin hula take yi, yayarsa ƙwararriya ce a zanen lalle, kakansa kuma ya yi shekaru yana shafe da zanen bango. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake ɗauka a matsayin zane idan an shiga aji. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: ta yaya al'ummar da ta shahara da aikin hannu ta wayi gari darasin fasaha ya zama na baya-baya a makarantunta? An dogara ne ga tarihin cibiyoyin da abin ya shafa, da ayyukan fasahar da har yanzu ana iya zuwa a gan su.

Makarantar da ta riga boko

Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini, ya kuma rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Irin wannan kasuwa ba ta tsayawa sai da tsarin horarwa. Yaron marina yana farawa ne da ɗebo ruwa da kwashe toka, daga nan ya koyi haɗa baba da katsi, ya koyi gane ƙarfin karofi daga kumfarsa da warinsa, sannan a bar shi ya tsoma tufa. Haka abin yake a dukanci da ƙira da gini. Akwai matakai, akwai mai dubawa, akwai kuma sarautun sana'a irin su Sarkin Magina da Sarkin Maƙera waɗanda suke tsare ingancin aiki.

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846), shaida ne a kan zurfin wannan ilimi. Bakan gizon da ke ɗauke da rufinsa an yi shi ne da azara da ƙasa, ana jera azarar tana fitowa kaɗan-kaɗan daga ginshiƙai har ɓangarorin su haɗu a sama. Wanda ya yi wannan ya san nauyi, ya san iyakar abin da azara ɗaya za ta iya ɗauka, ya kuma san inda ido zai faɗa idan mutum ya ɗaga kai. Ilimin bai mutu ba: masallacin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, aikin magini Falke Barmu, ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine a 1986.

Tsangaya ma makarantar zane ce, ko da yake ba a kiranta haka. Almajiri yana fere alƙalaminsa, yana dafa tawadarsa, yana koyon daidaita baƙi da wasali a kan allo. Zayyanar da ake yi wa allon sauka kuwa cike take da murabba'ai da da'irori da layukan da suka sarƙe, cikin ja da ɗorawa da kore. Salah Hassan ya yi cikakken nazari a kan wannan fanni a littafinsa na 1992, kamar yadda David Heathcote ya yi a kan ɗinkin riguna, har ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976.

Shigowar darasin cikin boko

Abin lura shi ne, boko bai fara da wannan rabuwa ba. Makarantun da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 sun haɗa da sashen sana'o'i, inda masu sana'a na gari suke koyar da dukanci da ƙira da ɗinki da kafinta. Sai dai tsarin ya zo da aibinsa: 'ya'yan sarakuna da malamai suna karatun littafi, sana'a kuma an ware ta ga wasu. Tun daga nan aka fara ɗaukar aikin hannu a matsayin rabon wanda karatu ya gagara, kuma wannan zato yana nan har gobe a bakin iyaye da malamai.

A 1955 aka dawo da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, sashen da daga baya ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Manhajarsa ta Ingila ce, yawancin malamansa ma Turawa ne. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Matsayinsu shi ne a karɓi dabarun da Bature ya zo da su, amma a gina su a kan fasahar gida. Kowannensu ya koma ya tono abin da ke garinsu. Okeke ya nazarci zanen uli na matan Ibo, ya kuma mayar da shi ginshiƙin koyarwa a Jami'ar Nsukka a farkon shekarun 1970.

A nan akwai abin takaici. An yi wannan tunani ne a Samaru, tafiya kaɗan daga birnin Zariya inda gidaje suke ɗauke da zanen dagi, amma kusan duk 'yan ƙungiyar daga Kudu suka fito, kuma can suka kai amfaninsa. Zayyana da ɗinkin aska takwas da zanen bango ba su sami wanda ya mayar da su manhajar aji ba kamar yadda uli ya samu. An yi rubuce-rubuce a kansu a jami'a, amma ba su sauko firamare ba.

Misali na biyu ya fito ne daga tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a can a farkon shekarun 1950, bayan ya ga tukwanen wata Bagwariya mai suna Ladi Kwali a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da injin juya yumɓu da gashi mai tsananin zafi, amma ba ta bar ginin hannu da zanen da ta koya tun tana yarinya ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana bayan takardar Naira 20. Darasin da ke nan shi ne cibiyar ta karɓe ta a matsayin gwana, ta ƙara mata a kan abin da ta zo da shi.

Halin da ake ciki

Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda aka fara aiki da ita a 2008, ta haɗa zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo da aikin hannu a darasi guda. A takarda abin ya yi kyau. A aji kuwa malami ɗaya ake ba dukkansu, sau da yawa wanda bai karanci ko ɗaya ba, kuma babu kayan aiki. Saboda haka sai darasin ya koma haddar ma'anoni: mene ne launi, kawo ire-iren layi. Ɗalibi zai iya cin jarrabawa bai taɓa kwaɓa yumɓu ba.

Akan kuma kawo hujjar addini, cewa iyaye ba sa son 'ya'yansu su zana abu mai rai. Damuwar gaskiya ce, kuma bai dace a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Amma ta taso ne domin an taƙaita zane ga surar mutum da dabba. Mafi yawan fasahar Hausawa ba ta buƙatar sura: ɗinkin riga, saƙar faifai da tabarma, zanen ƙwarya, adon sirdi, zayyana. Uban da zai hana ɗansa zana fuska ba zai hana shi zayyana allo ba.

Amfanin darasin

Amfani na farko, wanda aka fi mantawa da shi, yana wajen lissafi. Mai ɗinkin hula tana ƙirga zare, tana raba kewayen hula gida-gida daidai wa daida, domin idan ta yi kuskure a gida ɗaya zanen ba zai haɗu ba a ƙarshe. Mai zayyana yana raba murabba'i biyu, ya raba huɗu, ya juya siffa ɗaya ta fuskanci kusurwa huɗu. Waɗannan su ne kusurwa da daidaito da kaso waɗanda ɗalibin ƙaramar sakandare yake wahala a kansu a littafi. Malamin da ya shigo aji da hula kube, ya sa yara su gano siffar da ake maimaitawa sannan su tsara tasu a takarda, ya koyar da darasi biyu a lokaci guda. Bugu da ƙari, a wannan aiki yaro yake yanke shawara da kansa, ya gwada, ya ga bai yi ba, ya warware ya sake. Sauran darussa ba kasafai suke ba shi wannan dama ba, domin amsarsu ɗaya ce kuma tana wajen malam.

Ta fuskar abin yi ma, buƙatar ba ɓoyayya ba ce. Bangon littattafan Hausa, fastocin finafinan Kano, tambarin kamfanoni, kwalin kayan da mata suke sarrafawa a gida, duk mai tsara zane suke nema, kuma yawancin matasan da ke yi a kwamfuta da waya suka koya wa kansu. A Kantin Kwari kuwa yadin da aka buga a Sin ya cika rumfuna, alhali marinar Ƙofar Mata da yawan ramukanta a bushe suke. Marini ya iya rini, abin da yake nema shi ne wanda zai tsara masa sabon zane da kasuwar yau za ta karɓa, kuma makaranta ce ya kamata ta fitar da shi.

Akwai kuma abin da ya shafi idon al'umma. Tsofaffin gidajen ƙasa masu zanko da zane suna rushewa, bulo yana maye gurbinsu, wannan kuma ba laifi ba ne a kan kansa. Laifin shi ne a rasa wanda zai tambayi me ya sa tsohon zaure yake da sanyi da rana, ko yaya za a kai zanensa kan siminti. Wanda bai taɓa zama ya kwafi zanen Gidan Makama da hannunsa ba, da wuya ya damu ranar da aka zo rushe irinsa.

Shawara

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar manhaja, domin wadda ake da ita ta ba da damar amfani da sana'o'in yanki. Abin da ya rage shi ne kwalejojin ilimi su sa zayyana da ɗinki da rini da zanen bango cikin horon malamai a aikace, hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi kuma su ware ɗan alawus domin gayyato magini ko marini ko mai ɗinkin hula na unguwa ya shiga aji ko sau biyu a zango. A kuma sauya yadda ake ba da maki, ya zama kaso mafi tsoka yana kan abin da ɗalibi ya yi da hannunsa. Gwanayen da za su koyar suna nan da ransu, amma yawancinsu sun manyanta, saboda haka ya kamata jihohi su fara tun daga zangon karatu mai zuwa.